Sun ce in koma a sake hoton mama, na kasa komawa

Assalamu alaikum Anti. Allah ya ƙara basira. Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Amurka, muna zaune a unguwar Bronx ta birnin New York. Shekarata 43, 'ya'yana uku, babbar mace ce mai shekara 19. Aikin kula da tsofaffi a gidajensu nake yi.

Wata huɗu da suka wuce likitata ta matsa mini na je aka yi mini hoton mama, wanda suke kira mamogiram, karo na farko a rayuwata. Bayan 'yan kwanaki sai ga takarda, wai in koma a ƙara hoton maman hagu, kuma wai naman mamana mai kauri ne. Tun ranar takardar tana cikin jakata. Sun kira ni a waya ban ɗauka ba. Ba na jin ciwo, ban kuma ji wani ƙullutu ba.

Anti, sankarar mama ce ta yi ajalin mahaifiyata tana da shekara 48. Ni na yi jinyarta, na ga abin da na gani. Da na shiga intanet sai na ga ana cewa baƙaƙen mata a ƙasar nan sun fi farare mutuwa da wannan ciwon da kusan kashi 40 cikin 100. Gwiwata ta yi sanyi, na ce idan a jininmu yake, wahalar me zan ba kaina? Wata ƙawata ta ce na'urar ce ma take sa ciwon, kuma da baƙar fata ake gwaji, in tuna abin da aka yi wa yaran Kano lokacin sanƙarau. Maigidana ya ce in bar wa Allah, kada in tono mana abin da ba mu da kuɗin maganinsa, don inshorarmu ba ta da ƙarfi. Ga ƙanwata a Kano mai shekara 38, ita ma tana cikin raina. Ba na samun barci. Ki ba ni shawara.

'Yar uwarki daga Bronx

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ladan jinyar da kika yi mata a mizaninki.

Kafin komai, fito da takardar nan daga jaka, ki kira lambar da ke jikinta a ranar aiki ta farko, ki ce a ba ki rana mafi kusa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa bayan wannan yake. Ko ba ki ƙarasa karantawa ba ban damu ba, muddin kin yi kiran.

Takardar da aka aiko miki ba sanarwar ciwo ba ce. A Amurka, cikin mata 10 da aka yi wa wannan hoton ana kiran kusan 1 ta koma, cikin waɗanda suka koma kuma waɗanda ake samu da sankara ba su kai 1 cikin 10 ba. Masu zuwan farko irinki su suka fi shan wannan kiran, domin likitan da ke karanta hoton ba shi da na bara da zai ajiye kusa da na bana ya ce ai wannan ɗan tabon dama can yana nan. Idan kika nemi cikakken rahoton, za ki ga an rubuta BI-RADS, wato ma'aunin sakamakon hoton, da wata lamba a gabansa. Sifili na nufin hoton bai isa a yanke hukunci ba, a ƙara wani. 1 da 2 lafiya lau. 3 kusan tabbas ba komai, amma a sake dubawa bayan wata 6. 4 da 5 su ne ake cewa a ɗebo ɗan nama da allura a auna. Wadda aka ce ta koma a ƙara hoto, a sifili take. Wannan ba alkawari ba ne cewa babu komai, musamman da tarihin gidanku, amma wata huɗu kenan kina hana idonki barci a kan shari'ar da alƙali bai ma zauna ba.

Kaurin nama kuwa halitta ce, kusan rabin matan da suka haura 40 haka suke. Tun watan Satumba na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta wa duk wurin da ke ɗaukar hoton ya sanar da mace wannan a rubuce, shi ya sa kika gani a takardarki. Dalilin faɗar shi ne, nama mai kauri fari yake fitowa a hoto, ƙari ma fari yake fitowa, sai aikin ya zama kamar neman farin zare a cikin tulin auduga. Yana kuma ɗan ƙara haɗarin kamuwa. Saboda haka kada ki yi mamaki idan suka haɗa miki da sikanin, wato ultrasound irin wanda ake yi wa masu ciki, a ranar.

Yanzu ga kashi 40 ɗin da ya sanyaya miki gwiwa. Gaskiya ne, ba ƙirƙirar intanet ba ce. Alƙaluman ƙungiyar yaƙi da cutar daji ta Amurka sun nuna baƙaƙen mata sun ɗan gaza farare kamuwa da sankarar mama, da kashi 4 zuwa 5 cikin 100, amma sun fi su mutuwa da ita da kusan kashi 40. A ƙasa da shekara 50 ma ratar ninki biyu ce. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake jefa wa mutane wannan adadin tsirara, babu bayanin inda ya fito, sai mace irinki ta karanta ta ɗauka rubutu ne a fatarta.

Kafin shekarun 1980 babu wannan ratar. Baƙa da fara kusan daidai suke mutuwa, domin a lokacin abin da likita ke da shi kaɗan ne, kuma kaɗan ɗin bai bambanta kowa da kowa sosai ba. Jinin mutane bai canza ba daga 1980 zuwa yau. Abin da ya canza shi ne hoton mama ya yaɗu, magani irin tamoxifen ya shigo hannun likitoci, daga baya Herceptin ya zo a 1998. Daga wajen 1990 mutuwa ta fara raguwa a ƙasar, sai dai ta fi saurin raguwa a wajen waɗanda ci gaban ya fara ƙwanƙwasa wa ƙofa, wato masu inshora mai kyau da manyan asibitoci a unguwarsu.

A Chicago an ga wannan ƙuru-ƙuru. Ratar ta buɗe a birnin har ta zama abin kunya, sai a 2007 likitoci da mutanen unguwanni suka kafa kwamiti suka bi diddigi. Suka tarar wuraren da baƙaƙen mata suka fi zuwa su ne suka fi ƙarancin sababbin na'urori da likitocin da suka ƙware a karanta hoton mama kaɗai. Aka shiga auna ingancin aikin asibitoci, aka sa ma'aikatan da ke bin mace daga ranar hoto har ranar da ta ga likitan da ya dace. A shekarun da suka biyo baya ratar ta ragu a Chicago, alhali a ƙasar baki ɗaya ba ta ragu ba. Abin da yake a jini zalla, kwamiti ba ya rage shi.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Idan aka tambayi matan Amurka ko sun yi hoton mama a 'yan shekarun nan, baƙaƙe ba sa baya da farare. Ratar tana ɓuya ne a abin da ke biyo bayan hoton: kwana nawa tsakanin takarda da komawa, kwana nawa tsakanin komawa da auna nama, kwana nawa tsakanin sakamako da fara magani, da ko an kai maganin ƙarshe. Cikin farare 100 masu ciwon, kusan 68 ake gano nasu tun bai fita daga mama ba. A baƙaƙe kusan 58 ne. Kuma wadda aka gano nata bai fita ba, 99 cikin 100 suna raye bayan shekara 5. Wadda nata ya kai huhu ko hanta ko ƙashi, kusan ɗaya bisa uku ne ke kaiwa haka. Wasu daga cikin kwanakin nan layin asibiti ne ke cinye su, wasu jayayya da kamfanin inshora, wasu likitan da bai saurari mace da kyau ba, wasu kuma aikin da idan ba ki je ba babu albashin ranar, irin naki. Wasu kuma takarda ce a cikin jaka. Ba laifi nake ɗora miki ba, wadda ta yi jinyar uwa da wannan ciwon ba a tambayarta dalilin tsoro. Amma ki gane cewa irin wata huɗun nan ne, mace bayan mace, ke taruwa ya zama kashi 40, kuma a duk cikin musabbaban shi ne wanda yake hannunki yau.

Akwai rabon gado a cikin maganar, ba zan ɓoye miki ba. Sankarar mama ba iri ɗaya ba ce. Idan an ɗebo nama ana duba alama uku a jikin ƙwayoyin: ko suna girma da sinadarin mata na estirojin, ko da na furojestaron, ko suna da yawan wani furotin da ake kira HER2. Wanda ke da ɗaya daga ciki, akwai maganin da ake toshe masa hanya da shi. Akwai kuma nau'in da ba shi da ko ɗaya cikin ukun. Shi ya fi saurin girma, ya fi kama masu ƙarancin shekaru, kuma baƙaƙen matan Amurka sun ninka farare samunsa, kusan 1 cikin 5 na masu ciwon a cikinsu shi ne. Dakta Lisa Newman, likitar tiyatar mama a New York, ta shafe shekaru tana aiki da asibitin koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi da kuma likitoci a Habasha. Binciken nasu ya nuna wannan nau'in ya yi yawa ƙwarai a matan Gana, ya yi ƙasa a matan Habasha, baƙaƙen Amurka kuma suna tsakani. Habashawa ma baƙaƙe ne, kin ga kenan ba launi ba ne, asali ne, kuma kakannin baƙaƙen Amurka mafi yawansu daga yammacin Afirka aka kwashe su zamanin cinikin bayi. Yankinmu kenan. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan take kuma koyarwa a Jami'ar Chicago, ita da abokan aikinta sun auna jinin mata sama da 1,000 masu sankarar mama a Ibadan. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna kashi 7 cikin 100 suna da tangarɗa a ƙwayar gado ta BRCA1, kashi 4 kuma a BRCA2. Wannan ba ƙaramin adadi ba ne.

To amma me wannan ke nufi gare ki? Ciwon da aka san yana da sauri, wadda ke cikin haɗarinsa ita ce ya kamata ta fi kowa gaggawa, ba ta zauna ba. Nau'in nan da ba shi da alamomin uku ma yana jin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, kuma tun 2021 an ƙara masa wani magani mai tayar da garkuwar jiki, pembrolizumab. Sannan ko a nau'in da ya fi kowanne sauƙin magani, mai jin maganin toshe sinadari, baƙaƙen mata sun fi mutuwa. Wannan ba a jini yake ba, a kulawa yake.

A watan Afrilu na 2024 kwamitin ƙwararrun da ke ba Amurka shawara kan gwaje-gwajen riga-kafi ya sauko da shekarar fara hoton daga 50 zuwa 40, duk bayan shekara 2 har zuwa 74, kuma halin da baƙaƙen mata ke ciki yana cikin hujjojin da ya kawo. Ƙungiyar likitocin hoto ta ƙasar tana ganin duk shekara ya kamata a yi, a kuma auna haɗarin kowace mace tun tana 25, musamman baƙaƙe. Sai dai jadawalin shekara bibbiyu na macen da babu ciwon a gidansu ne. Ke ba ita ba ce, kuma nan ne nake so ki fi ba ni hankalinki.

Wadda mahaifiyarta ta yi sankarar mama, haɗarinta ya kusan ninka na sauran mata. Hajiya ta rasu tana 48, wato ciwon ya same ta kafin 50, wannan kaɗai ya isa a tura ki wurin masu ba da shawara kan cututtukan gado. Likitarki ta san da wannan kuwa? Na san halinmu. A miƙo fom a tambaya ko akwai mai ciwon daji a dangi, mu sa babu, ko don kunya, ko don a gida ba a taɓa kiran abin da sunansa ba, sai a ce ta yi fama da ciwon mama, ko a ce jifa ne. Ki faɗa mata da bakinki, da shekarun. Kafin ranar, ki kira 'yan uwan Hajiya ki tambaya: tana shekara nawa ta fara jin ƙullutun, mama ɗaya ne ko biyu, akwai wata a dangi da ta yi irinsa ko ta yi sankarar ƙwan mahaifa, akwai namijin da ya yi ciwon mama ko sankarar mafitsara irin ta maza. Ki tambayi dangin Baba ma, domin gadon yana biyowa ta uba kamar yadda yake biyowa ta uwa. An sha nunawa a bincike cewa baƙaƙen mata ba a cika tura su gwajin gado ba ko da sun cancanta, don haka kada ki jira a yi miki tayi, ki nema da kanki.

Gwajin na jini ne ko na yawu. Idan aka sami tangarɗar BRCA, haɗarin kamuwa a tsawon rayuwa yana iya haura kashi 60 cikin 100, alhali na mace gama-gari a Amurka 1 cikin 8 ne. Wadda ta sani sai a ƙara mata hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, duk shekara a kan mamogiram, a kuma zauna da ita a kan sauran hanyoyin kariya. Ko ba a sami tangarɗar ba, ki ce a lissafa miki haɗarinki, domin wadda nata ya kai kashi 20 ita ma ana ba ta shawarar MRI. Wata doka ta 2008 ta hana kamfanin inshorar lafiya da mai ba ki aiki su yi amfani da sakamakon gwajin gado su cutar da ke. Ba ta rufe inshorar rai ba, wannan ki sani kafin ki yi. 'Yarki ba ta buƙatar mamogiram a shekara 19. Abin da take buƙata shi ne ta san abin da ya yi ajalin kakarta, da sunansa. Idan aka sami tangarɗar a jikinki, kowane ɗa naki rabi da rabi ne ya gada, mace ko namiji, kuma wadda ta gada daga shekara 25 ake fara sa mata ido.

Ƙawarki ba daga iska ta ɗauko tsoronta ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a gwajin da ya shafi yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Su ma baƙaƙen Amurka suna da nasu tabon: daga 1932 zuwa 1972 a Tuskegee ta jihar Alabama, an bar ɗaruruwan mazansu da ciwon tunjere babu magani don a ga yadda zai ƙare da su. Wanda ya san waɗannan ya yi taka-tsantsan bai yi wauta ba. Amma mamogiram ba sabon abu ba ne da ake gwadawa. Sama da shekara 40 ana yi wa miliyoyin mata, kuma farare da masu hali ne suka fara cin moriyarsa. Zaluncin da aka yi wa baƙaƙen mata a wannan fannin na hana su mai kyau ne. Hasken da na'urar ke saki kaɗan ne, daidai da wanda jikinki ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin kusan mako 7 kina zaune a gida. Matsin da ake yi wa maman na 'yan daƙiƙu ne, akwai rashin daɗi, amma ba ya haifar da ciwo, ba ya kuma watsa shi.

Na san akwai wata maganar da ba ki rubuta ba, don babu wanda ya tashi a Kano bai ji ta ba: daji ba ya son ƙarfe, da an yi masa allura ko an yanka sai ya fusata. Ga inda ta samo asali. Mace ta yi shekara tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai mama ya fashe a kai ta asibiti, a yi aiki, bayan 'yan watanni ta rasu, sai a ce wuƙa ce. Ciwon ya riga ya bazu tun kafin ta taka ƙofar asibitin. Allurar ɗebo nama ba ta watsa shi, kuma mafi yawan waɗanda ake yi wa, sakamakon yana fitowa ba sankara ba.

Maigida kuwa, hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali ya san shi, ba sai na karanta masa ba. Ni ina ganin ba tauhidi ne ke magana a bakinsa ba, tsoro ne da lissafin aljihu, kuma na biyun yana da amsa. A jihar New York akwai dokar da aka sa wa hannu a 2016, wadda ta hana inshorar da ke ƙarƙashin ikon jihar karɓar kuɗi daga mace a kan hoton mama, har da na komawa da sikanin da MRI. Ba kowace inshorar wurin aiki ce dokar ta shafa ba, saboda haka ki kira lambar da ke bayan katinki ki tambaya kafin ranar. Wadda ba ta da inshora, jihar tana da shirin gwajin cutar daji kyauta, birnin kuma yana da shirin NYC Care, wanda a Bronx ɗinku aka fara shi a 2019, ba ya kuma duba takardun zama. Idan an sami ciwo, akwai hanyar shiga Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, don magani ga waɗanda suka cika sharuɗɗa. Kowane babban asibiti yana da ma'aikacin jin ƙai da mai duba harkar kuɗi, ki ce a haɗa ki da su. Ki zaunar da shi bayan yara sun kwanta ki ce masa: ba izinin neman ciwo nake nema ba, rakiya nake so. Ciwon da aka kama da wuri ya fi arha nesa ba kusa ba, wannan lissafin zai gane shi. Idan bai samu zuwa ba, ki je da wata 'yar uwa mai natsuwa, ba ƙawar nan ba.

Ranar zuwa ki sa riga da zane ko siket, kada ki sa doguwar riga, domin sama kawai ake cirewa. Kada ki shafa hoda ko mai ko maganin warin hamata, suna fitowa a hoto kamar ɗige-ɗige su rikita mai karantawa. Masu ɗaukar hoton kusan duk mata ne, kina kuma da damar cewa mace kike so. Idan Turancin likita ya yi miki sauri ki nemi tafinta, kyauta ne kuma haƙƙinki ne, kada ki ɗora wa 'yarki nauyin fassara miki irin wannan labarin. Idan kina da zaɓi, ki je cibiyar da take yin komai a wuri ɗaya, hoto da sikanin da ɗebo nama, ki kuma tabbatar hotonki na farko ya isa wurinsu. A hoton komawa sau da yawa ana faɗin sakamako a ranar. Kada ki fito sai kin san lambarki, kin san mataki na gaba da ranarsa, kin san sunan wanda za ki kira idan mako ya wuce shiru. Ki rubuta a takarda. Shirun asibiti ba albishir ba ne, wani lokaci fayil ne ya maƙale a teburin wani. Idan kika ga ana yi miki riƙon sakainar kashi, ki ce a rubuta a fayil cewa kin nemi abu kaza an ce a'a, ki kuma nemi ganin wani likitan. Babu rashin kunya a wannan.

Ko da komai ya fito lafiya, kada ki jingina da rashin jin zafi, domin sankarar mama a farkonta galibi ba ta ciwo. Ƙullutu mai tauri, kan mama ya shige ciki, jini ko ruwa daga kan mama ɗaya, kaluluwa a hamata, fata ta yi kauri ko ta lotsa, duk ba a jiran hoton shekara mai zuwa a kansu. Littattafan likita suna cewa fata ta yi ja. A jikinmu ba lallai ta yi ja ba, tana iya yin duhu ne fiye da ta ɗaya gefen, kuma ba kowane likita ne ya saba ganin haka ba, sai ki nuna masa.

Ƙanwarki uwarku ɗaya, don haka duk abin da na faɗa a kan gado ya hau kanta, ita kuma ba ta da asibitin da zai bi ta da takarda da waya. Wani bincike da ya bi mata masu wannan ciwon a ƙasashen Afirka biyar, wanda ya fito a 2020, ya samu cewa bayan shekara 3 fararen matan Namibiya 90 cikin 100 suna raye, baƙaƙen ƙasar 56, a asibitocin Najeriya da aka bi kuwa 36. Babban dalilin shi ne mafi yawan matanmu sai ciwon ya kai mataki na 3 ko na 4 suke zuwa. Kada ta jira 40. Ta je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko wani babban asibiti, ta faɗi tarihin Hajiya, likita ya duba ta da hannu, ya tsara mata sikanin ko mamogiram da lokacin da za ta riƙa komawa. Idan an taɓa jin ƙullutu, kada ta yarda wanzami ya tsaga, kada kuma ta yarda a yanke a jefar a ƙaramin asibiti ba tare da an kai naman ɗakin gwaji ba, a kuma nemi a duba alamomin nan uku, domin su ke nuna maganin da zai yi aiki. Cikin kuɗin da kike aikawa gida, ki ware na wannan daban ki tura mata hannu da hannu, ki ce ta ɗauko miki hoton takardar sakamako ta WhatsApp. Idan gwajin gadonki ya fito, ita ce ta farko da za ki aika wa kwafinsa, ta kai wa likitanta.